Kusheyi Masu Suna da Marasa Suna a Ƙasar Tasawa

Wata shekara da kaka na je gida Urafane, bayan an gama yankan hatsi. Ran nan da la'asar muka fito ni da kawuna za mu gaisuwar mutuwa wani ƙauye, hanya ta bi da mu ta gefen tsohuwar maƙabarta. Muka tsaya muka yi wa mamata sallama da addu'a kamar yadda aka saba. Da muka shafa sai na ce masa, "Kawu, wace ce kushewar kakanmu a nan?" Ya dubi wurin, ya daɗe yana dubawa. Ba kome sai rairayi da ƙaya da 'yan tsingaro nan da can. Can sai ya ɗaga sandarsa ya nuna wajen wata aduwa, ya ce, "Wajen can ne dai, ɗana. Ni ma ina yaro aka kai shi. Iska ta daidaita su duka."

Ban ƙara cewa kome ba, muka wuce. Amma maganar nan ta zauna mini a rai, musamman da daga baya na karanta labarin wata al'ada da ake yi a ƙananan garuruwan Amurka. Ita ce nake so mu fara dubawa, sa'an nan mu komo gida.

A jihar Misisipi akwai wani gari mai suna Columbus. Garin yana da tsohuwar maƙabarta da ake kira Friendship, wadda aka buɗe a 1849. Tun daga 1991 'yan wata makarantar sakandare ta lissafi da kimiyya da ke garin suka ɗauki wani aiki. Farkon shekarar karatu kowane ɗalibi na ajin tarihi yakan zaɓi sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda ke kwance a maƙabartar nan. Sai ya shiga ɗakin ajiyar takardu na garin, ya yi watanni yana tonon labarin mutumin cikin tsofaffin jaridu, da takardun shari'a, da na gado, da wasiƙu, da littattafan ƙidayar jama'a. In ya gama sai ya rubuta abin da ya samu. Daga nan a zaɓi waɗansu daga cikin ɗaliban, su sa tufafi irin na zamanin da, su tsaya da dare kusa da kabarin da hasken kyandir. Mutanen gari su biya kuɗin shiga, su riƙa zuwa ƙungiya ƙungiya, wani yana yi musu jagora. Duk kabarin da aka tsaya, ɗalibin ya yi magana da bakin mamacin: ni ne wane, an haife ni shekara kaza, ga sana'ata, ga abin da ya same ni. Kuɗin da aka tara kuwa a ba da shi taimako.

A Bloomington ta jihar Illinois, gidan tarihin gundumar ne ya fara irin wannan a 1995, a maƙabartar Evergreen. Abin da ya sa suka fara kuwa, ɓarna ce ta yi yawa, ana tura duwatsun kaburbura ana fasawa. Suka ga in yaro ya san wanda ke kwance a wurin, da wuya ya ɗaga hannu ya fasa dutsensa. Aka yi shekaru ana kai 'yan makaranta su gani. A maƙabartar nan akwai manya, har da Adlai Stevenson wanda ya yi mataimakin shugaban Amurka daga 1893 zuwa 1897, amma masu shirya abin sukan haɗa da 'yan aikin jirgin ƙasa, da malaman makaranta, da baƙin da suka zo cin rani suka zauna. Tunanin kansa ya girmi waɗannan duka. Tun 1915 wani marubuci, Edgar Lee Masters, ya fitar da littafin waƙoƙi mai suna Spoon River Anthology, inda mamatan wani ƙaramin gari suke faɗin rayuwarsu ɗaya bayan ɗaya daga cikin kaburburansu.

To, mai karatu ya lura da abin da ya sa wannan ya yiwu a can. Kabarinsu yana da dutse, dutsen yana da suna da shekarar haihuwa da ta mutuwa. Sunan nan shi ne bakin zare. In ka kama shi ka ja, sai ya kai ka ga takarda, takarda ta kai ka ga wata.

Mu kuwa namu ba haka yake ba. A gina uwar kabari, a gina 'yarta, a kwantar da mutum yana fuskantar alƙibla, a jera itatuwa ko fasassun tukwane, a toshe da laka, a mai da ƙasa. In an ji tsoron kura a ɗora ƙaya. Shi ke nan. Damina biyu ko uku, tudun ya kwanta. A dā ma magidanta da yawa cikin gida ake rufe su, bayan ɗaki, gidan kuma in ya tashi ya zama gona. Ba sakaci ba ne ya kawo haka. Malamai sun karantar da mu cewa ziyarar kaburbura abu ne mai kyau don tana tuna wa mutum lahira, amma sun hana zama a kan kabari, da taka shi, da ƙawata shi da gini. Saboda haka duk wanda ya ce zai tara jama'a cikin maƙabartar Urafane ko ta Mayahi da dare, ya sa yaro ya yi shigar mamaci yana magana da bakinsa, to, ba zai kai ga kabari na biyu ba dattawa za su kore shi. Ni ma ina bayansu. Maƙabarta ba dandali ba ce.

Duk da haka muna da abin da ya yi kusa da wannan yawo. Wanda ya taɓa zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato ya san yadda ake yi. Ka tuɓe takalmi ka shiga, masu kula da wurin su nuna maka inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake, wanda ya rasu a 1817, su nuna maka na 'ya'yansa da jikokinsa da ke kewaye, kowa da sunansa. Masu ƙarfin tafiya su zarce Wurno, wurin kabarin Muhammadu Bello da ya rasu a 1837. A birnin Katsina ana ziyarar waliyyai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani. A ƙasar Mani kuma akwai Durɓi ta Kusheyi, manyan tuddai da ake cewa na sarakunan farko ne na ƙasar Katsina, waɗanda wani Bature mai suna Palmer ya sa aka tona waɗansu a 1907. Sunan wurin ma kansa ya faɗi abin da ke ciki. Sai dai duk waɗannan na malamai ne da sarakuna. Manomi da maƙeri da mai kitso ba su da hubbare.

Abin da zai ba mai karatu haushi shi ne, a nan ƙasarmu ta Tasawa akwai kaburbura na ƙarshen ƙarni na 19 da aka san wurinsu da sunan masu su, har baƙi suna tasowa daga nesa su zo gani. Suna Maijirgi, kan babbar hanyar da ta tashi daga Tasawa zuwa Damagaram, kudu da Urafane. Na waɗansu sojojin Faransa biyu ne, Kaftin Paul Voulet da Kaftin Julien Chanoine. Bari mu ɗan tsaya a kan labarinsu, don yara da yawa suna jin sunan ba su san yadda abin ya gudana ba.

A watan Yuni na 1898 Ingila da Faransa suka zauna a birnin Paris suka raba ƙasashenmu a takarda. Aka ja wani layi kamar baka, mil ɗari kewaye da Sakkwato, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne, abin da ke waje na Faransa. Faransa ta shirya rundunoni uku su haɗu a tafkin Chadi, ɗaya daga Aljeriya ta hamada, ɗaya daga Kwango, ɗaya kuma daga yamma ta bakin kogin Kwara. Ta yamman nan ita aka ba Voulet, Chanoine yana mataimakinsa. Chanoine kuwa ɗan wani janar ne da ya riƙe ministan yaƙi na Faransa a shekarar nan ta 1898. Turawan cikinsu ba su kai goma ba. Sauran duk 'yan Afirka ne, sojoji ɗaruruwa da aka ɗebo daga yamma, da 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, da mata da bayi da suka yi ta ƙaruwa a hanya. A watan Janairu na 1899 suka haɗu a bakin kogi suka fuskanci gabas.

Taro mai yawa haka yana bukatar ruwa da hatsi kullum, gwamnatinsu kuwa ba ta ba su guzurin kirki ba. Hanyar da takarda ta bar musu ta arewa ba ruwa, sai suka ratsa ta cikin rabon Ingila. Duk garin da suka isa su nemi abinci da 'yan dako. In an yi gardama, ko an gudu, ko ma an yi jinkiri, sai wuta. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙasar Arewa, inda maharba suka yi musu ɓarna kafin su ja da baya cikin kurmi. A watan Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni, suka kashe mutane masu yawan gaske, suka ƙone garin. Daga nan suka biyo ta ƙasar Gobir da ta Katsina ta arewa, suna tafe suna barin toka.

Labari ya riga ya kai Paris, don wani laftanan da aka kora daga rundunar, mai suna Peteau, ya rubuta wasiƙa ya faɗi abin da ya gani. Aka aiko Laftanan Kanar Klobb da wani ƙaramin hafsa, Meynier, da 'yan sojoji kaɗan, su bi sawu su karɓi rundunar. Ba su sha wuyar gane hanya ba, kufai da gawarwaki ne suka yi musu jagora. Klobb yana rubuta abin da ya gani kullum cikin littafinsa. A Ƙoran Kalgo, kwana kaɗan kafin ya cim musu, ya rubuta cewa ya tarar da ƙauyen a ƙone cike da gawa, da 'yan mata biyu ƙanana a rataye jikin reshe.

Ran 14 ga Yuli, 1899, watau ranar babban bikin ƙasar Faransa, suka haɗu a Dankori. Klobb ya hana mutanensa harbi, ya matso a kan doki. Voulet ya sa aka buɗe wuta. Klobb ya faɗi matacce, Meynier ya ji rauni. Bayan haka Voulet ya tara Turawansa ya ce shi ya bar zama Bafaranshe, ya zama sarkin baƙar fata, zai kafa daularsa. Sojojin da aka ɗebo daga nesa suka ga in sun bi shi ba su ba komawa gida. Suka yi tawaye. Ran 16 ga wata suka harbe Chanoine, kashegari ran 17 wani mai gadi ya harbe Voulet sa'ad da ya nemi komowa sansani. Aka rufe su a Maijirgi. Sauran rundunar ta ci gaba, ta ci Damagaram a ƙarshen watan nan, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga bayan 'yan makonni. A Afrilun 1900 rundunonin uku suka haɗu suka yaƙi Rabe a Kusuri. Watau mutanen biyu sun mutu, amma abin da aka aiko su yi ya tabbata, shi ne ma mafarin ƙasar da daga baya aka kira Nijar.

Akwai wani labari da ake bayarwa, wai a 1923 wani matashin jami'in mulkin mallaka da ke Tasawa, Robert Delavignette, ya sa an buɗe kaburburan aka tarar ba kowa ciki. Daga nan masu son almara suka yi ta cewa Voulet bai mutu ba, ya shiga hamada ya zauna cikin Buzaye. Ni wannan bai dame ni ba. Ko da ƙashi ciki ko babu, suna yana nan, wuri yana nan, littattafai sun cika da zancensu. 'Yan matan nan biyu na Ƙoran Kalgo fa? Suna da uwa da uba, an yi musu suna ran bakwai, an yanka rago ko akuya. Wanda ya gan su ya rubuta, baƙo ne mai wucewa, ba shi da wanda zai tambaya don garin ya watse. Suka shiga tarihi ba suna.

A 2020 aka fitar da wani fim mai suna African Apocalypse, wanda Rob Lemkin ya shirya, inda wani saurayi, Femi Nylander, ya bi hanyar rundunar nan gari gari har kabarin Voulet. Daga baya aka juya shi da Hausa, tashar Arewa24 ta nuna. Abin da ya fi kama ni a ciki shi ne mutanen garuruwan da suka zauna gaban na'ura suna cewa kakana kaza aka yi masa, kakata a wuri kaza ta ɓuya. Shekara ɗari da ashirin, ba takarda, ba dutse, amma labarin yana nan a baki. Kafin wannan ma Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, har ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Da haka Sarauniyar Lugu ta zama sananniya ga yaran da ba su taɓa taka ƙasar Arewa ba.

Wannan ya nuna ba mu rasa hanyar sa mutanen dā su yi magana ba. Maroƙi in ya tsaya ƙofar fada ran salla yana jero sarakuna, wane ɗan wane, kowa da kirarinsa, ai yawon kusheyi yake yi da baki. A Damagaram akwai wasan kara, inda talakawan gari suke yin shigar manya, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, har da Nasaran zamanin mulkin mallaka. A fadar Kano matan cikin gida suna da wasan gauta, a ƙauyuka kuma samari suna da kalankuwa bayan kaka. 'Yan bori ma, ko mutum yana ƙin abinsu, ba zai musa ba cewa sun adana kamannin zamani. Wajen 1925 iskokin da ake kira Hauka ko Babule suka bayyana a ƙasar Filinge, masu hawansu suna ƙamewa suna sara irin ta soja, suna tsawa kamar kwamanda. Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsu a Ankara ta ƙasar Gana wajen tsakiyar shekarun 1950. Sa'an nan zamanin Seyni Kountché, da aka raya samariya aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, kowace jiha takan kawo wasan kwaikwayo, da yawansu kuwa na tarihi ne. Waɗanda suka yi wayo lokacin suna tune da yadda ake cika gidan samariya, da yadda ake kewaye rediyo in su Yazi Dogo za su yi wasa.

Amma a duba da kyau, su wa ake kwaikwayo? Sarki, da Ƙaura, da kwamanda, da jarumi. Maroƙi ba ya jero sunan wanda bai bar masu ba shi riga ba. Ko a Amurkan ma sun yi wannan tuntuɓe. Maƙabartar Friendship ta fi cika da fararen fata masu hali, waɗanda da yawansu sun mallaki bayi kafin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865. Daga baya ɗaliban makarantar nan suka fara wani taron dabam a maƙabartar Sandfield ta baƙaƙen fata, kowace shekara ran 8 ga Mayu, ranar da ake tunawa da 'yantar da bayin garin. Can suka ga takardu sun yi ƙaranci, dole a haɗa da abin da ke bakin jikoki.

Akwai misali ɗaya da ya kamata kowane ɗan ajin yaƙi da jahilci ya sani. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Garin ya burge shi, ya rubuta labarin gidajensa da kasuwarsa. Amma mutanen da ya gani suna kai da kawowa, masu saye da masu sayarwa, duk sun wuce cikin littafinsa kamar inuwa. To, cikin tafiyar nan tasu aka 'yanta wani yaro bawa mai suna Dorugu, mutumin Dambanas ta wajen Kance, wanda aka kama yana ƙarami. Barth ya tafi da shi Turai a 1855. A Ingila wani mai nazarin harsuna, Schön, ya zaunar da shi ya ce ya faɗi labarinsa da Hausa, shi kuwa yana rubutawa. Aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Yau muna iya jin Dorugu yana ba da labarin ubansa da gonarsu, da yadda aka kama shi, da abin da ya ba shi mamaki a ƙasar Turawa. Ɗan talaka ne, ba shi da maroƙi. Abin da ya raba shi da dubban yaran da aka kama tare da shi, wani ya zauna ya rubuta.

Mu koma Urafane. In ba mu da duwatsu masu suna, muna da wani abu da ya yi kama da su, sai dai mun saba da shi har ba mu ganinsa. Sunayen garuruwanmu ne. Ka bi hanya daga Tasawa zuwa Mayahi ka riƙa tambaya, za ka ji Gidan wane, Garin wane, Ɗan wane, Rijiyar wane. Akwai ma gari guda cikin ƙasar Mayahi da ake kira Alhasan Mairairai. Ƙauyuka da yawa na arewacin jihar Maraɗi ba su daɗe ƙwarai ba. Da yaƙe-yaƙe suka lafa ne mutane suka fito daga garuruwa masu ganuwa, suka yi arewa neman sabuwar gona. Mutum ya sari daji, ya gina rijiya gaba talatin ko arba'in cikin rairayi, 'yan'uwa su biyo shi, wurin ya ɗauki sunansa. Tsakaninmu da shi kaka uku ne ko huɗu. Har yanzu ana samun tsoho da ya ga wanda ya gan shi.

Saboda haka yawon da ya dace da mu, ba cikin maƙabarta za a yi shi ba. A fara daga tsohuwar rijiya, a je kufan da gari ya fara zama, a je gindin tsamiya ko gawon da ake cin kasuwa a dā, a je maƙera, a je inda ayarin Buzaye yake sauke gishiri da dabino, a je masallacin farko. Kowane wuri a samu mai faɗin wanda ya yi shi. In samari suna so su yi shiga su kwaikwayi maginin rijiya ko ungozomar gari, su yi a dandali da yardar zuriyarsa. In an zo wucewa ta maƙabarta a tsaya a yi addu'a, a wuce. Kafin ranar kuwa, aikin na masu biro da takarda ne. Malamin lakwal da ɗalibansa, da 'yan ajin dare da suka iya haɗa baƙi, su bi tsofaffi gida gida. Yanzu ma kusan kowane ƙauye akwai mai wayar da ke ɗaukar murya. A Yamai akwai cibiyar tattara tarihin baka da aka kafa tun 1968, amma ma'aikatanta ba za su iya zuwa kowace rijiya ba.

Wanda zai yi aikin nan zai gamu da wuya iri iri, gara ya sani tun yanzu. Tsoho ba ya ba ka shekara da lamba. Zai ce an haifi ubansa shekarar Kakalaba, sai kai ka san yunwar 1913 zuwa 1914 yake nufi. In ya ce El Buhari, ta 1984 ke nan. Wani zai auna da sarautar wane, ko shekarar da aka ɗebi mutane aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke shi ba sai 1946. Sa'an nan ga kunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukinta, ko da sun shekara hamsin a ƙasa. Sai ka nemi wata ta faɗa maka. Sunayen mata su suka fi saurin ɓacewa, don an fi saninsu da laƙabi, kuma aure yakan kai su wani gari. Ni kaina sunan uwar kakata na yanka ya gagare ni a gidanmu, kowa Inna yake ce mata.

Mafi nauyi duka shi ne abin da mutane ba su so a tono. Akwai gidajen da asalinsu bauta ce, akwai waɗanda kakansu shi ya sayar da maƙwabcinsa lokacin yunwa, akwai wanda ya yi wa Nasara jagora ko ya yi masa dogari ya dake 'yan garinsu. Akwai rikicin gona da na sarauta da ke kwance, wanda tambaya ɗaya tana iya tashe shi. Gida biyu kuma kowanne zai rantse kakansa ne ya fara saran garin. A ganina a rubuta duka biyun, a sa sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, kada mai rubutu ya mai da kansa alƙali. Abin da zuriya ta ce a rufe, a rubuta a ajiye, kada a kai shi dandali. Amma kada tsoron wannan ya sa a koma jero sarakuna kaɗai, don wannan maroƙa sun riga sun yi, sun kuwa fi mu iyawa.

Kwana biyu bayan tafiyarmu gaisuwar nan, kawuna ya aiko yaro da sassafe ya ce in zo da littafina. Na same shi ya riga ya ɗauki sanda. Muka fita bayan gari wajen wata rijiya da ta rufta tun kafin a haife ni, yanzu sai ɗan kwari da sabara ta kewaye. Ya zauna a kan tushen itace ya ce, "Ka tambaye ni kushewa, ban iya nuna maka ba. To, ga wannan. Shi da ƙanensa suka gina ta, rani biyu suna yi." Ya faɗi sunan maƙerin da ya yi musu dagi, da Bafillacen da ya fara shayar da shanu a wurin, da wanda ƙasa ta rufta wa a rani na biyu aka fid da shi da rai amma bai ƙara tafiya daidai ba. Na rubuta mutum tara kafin rana ta yi zafi. Da na tambaye shi matan da suka riƙa kawo musu fura, sai ya yi dariya ya ce wannan ba wurinsa ba ne, in je wurin yayarsa da ke aure a wani ƙauye yamma da mu, amma in yi sauri, kuma in riƙe mata goro.